Gargaɗin Guguwa: Kuskuren Mai Hasashe Ba Hujjar Ƙin Ji Ba Ne

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya tashi a Arewa, ko da ya shekara ashirin yana neman abinci a Agege ko Sabo ta Badun ko Fatakwal, bai manta da yadda hadari ke haɗuwa a watan Agusta ba. Da la'asar sai ka ga gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke cak, can an jima ta taso da ƙura, mata su shiga kwashe shanya, yara su kora awaki cikin gida. A yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, awa ɗaya ko biyu, sa'an nan hadarin ya yi yamma abinsa. Mu dai iyakarmu mu ce an yi ruwa, mu gode wa Allah. Ba mu cika tambayar inda ya nufa ba.

To, ashe wani lokaci wannan tafiya ba ta ƙarewa sai a ƙasar Amurka. Masana yanayi sun gano cewa a cikin damina, kowane kwana uku zuwa biyar, akan sami wata lanƙwasa a iskar sama mai busowa daga gabas, wadda ke tasowa daga wajen tsaunukan Habasha da ƙasar Sudan tana tafe da ayarin hadari a jikinta. Sai ta ratsa Cadi da Arewacin Nijeriya da Nijar da Mali, har ta faɗa tekun Atlantika ta wajen Sanagal. A shekara akan sami irinta wajen 60. Yawancinsu sukan mutu a hanya, amma kaɗan daga ciki sukan sami ruwan teku mai ɗumi su rikiɗe su zama mahaukaciyar guguwa, irin wadda muke jin labarinta a rediyo ta rushe garuruwa. An ƙiyasta cewa kusan 85 cikin 100 na manyan guguwoyin Atlantika daga nan suke samo asali.

Saboda haka maganar ba ta yi mana nisa ba kamar yadda ake zato. Abin da nake so in faɗa a yau shi ne wannan: masu hasashen guguwa sun ƙware matuƙa wajen sanin hanyar da za ta bi, amma har yanzu ƙarfinta yakan ba su kunya. Kuma duk da wannan kunya, wanda ya ji gargaɗinsu ya raina shi ne wawa, ba su da suka yi kuskure ba.

YADDA TAKE GIRMA

Abincin guguwa ruwan teku mai ɗumi, wanda zafinsa ya kai digiri 26 ko 27. Tururi ya tashi daga teku, ya hau sama ya zama girgije, zafin da ya saki ya ƙara jawo wata iskar daga ƙasa, jujjuyawar duniya kuma ta sa abin ya riƙa murɗawa kamar ana tuƙa tuwo. In iskar ta kai gudun kilomita 63 a awa ɗaya sai a raɗa mata suna. In ta kai kilomita 119 ta shiga sahun mahaukatan guguwa, a mataki na ɗaya. Matakan biyar ne, na biyar ɗin yana farawa daga kilomita 252 a awa.

Ga misali guda. A ran 27 ga Agusta na 2017 wani ayarin hadari ya bar gaɓar Afirka ta Yamma. Bayan kwana uku, a kusa da tsibiran Cape Verde, aka sa masa suna Irma. Ran 6 ga Satumba Irma ta auka wa tsibirin Barbuda da iska mai gudun kilomita 285 a awa, ta lalata kusan kowane gida, har aka kwashe mutanen tsibirin kaf aka kai su Antigua. Ran 10 ga wata ta isa Fulorida, inda aka riga aka umurci mutum fiye da miliyan 6 su bar gidajensu. Tun daga ranar da ta bar Afirka har ranar da ta isa can, mako biyu ke nan, idon masana yana kanta dare da rana.

DA CAN

Ba haka abin yake ba a zamanin da. A shekarar 1900 birnin Galveston na Jihar Teksas yana daga cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na Amurka, da mutane wajen 37,000, kuma an gina shi ne a kan tsibirin rairayi wanda tudunsa mafi tsawo bai kai mita 3 ba. A farkon watan Satumba wata guguwa ta ratsa Kyuba. Masanan Kyuba da ke Havana, waɗanda suka daɗe suna lura da halin girgije, suka ce za ta miƙe ne cikin tekun Meksiko. Hukumar yanayi ta Amurka kuwa ta ce a'a, za ta karkata ta bi ta Fulorida ta yi arewa. Ba ma wannan kaɗai ba, dama hukumar ta raina mutanen Kyuba, har ta sa an hana aika gargaɗinsu ta wayar tangarahu.

Ran 8 ga Satumba teku ta tashi fiye da mita 4 ta rufe Galveston. Mutanen da suka mutu a daren nan an ƙiyasta su tsakanin 6,000 da 12,000, kuma har yau ba a sake yin wani bala'in yanayi da ya ci rayuka haka a Amurka ba. Rashin kayan aiki ya taimaka, gaskiya ne, amma girman kai ma ya ci nasa rabon.

Daga nan aka shiga neman hanyar ganin guguwa tun tana tsakiyar teku. A watan Yuli na 1943 wani hafsan sojan sama mai suna Joseph Duckworth ya tuƙa ƙaramin jirgin koyon tuƙi ya kutsa har cikin idon guguwa a kusa da wannan Galveston ɗin, ya kuma fito lafiya. Ran 1 ga Afrilu na 1960 aka harba tauraron ɗan'adam na farko mai ɗaukar hoton girgije, TIROS-1. Tun daga 'yan shekarun da suka biyo baya guguwa ta daina zuwa wa mutane a ɓoye.

SANIN HANYA

A yau ga yadda aikin ke tafiya. Taurarin ɗan'adam suna aiko da hoto kowane 'yan mintoci. Ɗaruruwan tashoshi a duniya suna sakin balan-balan sau biyu a rana, kowace da 'yar na'ura a rataye tana auna zafi da laima da gudun iska har ta kai wajen kilomita 30 a sama. Jiragen sama na musamman suna tashi daga Amurka su keta guguwar, suna jefa wasu na'urori masu 'yar lema waɗanda ke aiko da awo har su faɗa ruwa. Duk wannan sai a zuba shi cikin manyan na'urori masu ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, su lissafa yadda iskar duniya za ta motsa gobe da jibi da gata. Cibiyar Kula da Guguwa ta Amurka da ke Mayami ita ke tattara sakamakon, kuma kowane awa shida takan fito da sabon bayani. Tun 2003 hasashenta yakan kai na kwana biyar.

Dalilin da ya sa hanya ta yi sauƙin ganewa shi ne guguwa ba ta tuƙa kanta. Kamar gungumen ice take a kogi: inda ruwa ya nufa nan za ta. Kogin nata kuwa shi ne manyan iskokin da ke kewaye da ita, masu faɗin dubban kilomita, kuma abu mai girma haka ba ya ɓuya wa na'ura. A shekarun 1970, in an ce ga inda guguwa za ta kai nan da kwana uku, kuskuren yakan wuce kilomita 600, kamar a ce za ta sauka Ikko ta je ta sauka Fatakwal. Yanzu kuskuren kwana uku bai kai kilomita 200 ba, kusan nisan Ikko zuwa Badun da 'yan kai.

A watan Oktoba na 2012 aka ga amfanin wannan ƙarara. Guguwar Sandy tana tafe arewa a cikin teku, kuma bisa al'ada irinta sukan karkata dama su tafi su mutu a ruwan sanyi. Amma kwamfutar cibiyar hasashe ta ƙasashen Turai, mai hedkwata a garin Reading na Ingila, ta nuna tun saura wajen mako guda cewa wannan hagu za ta juya ta shigo ƙasa. Haka kuwa aka yi ran 29 ga wata a Jihar New Jersey. Kafin ta iso an riga an tsayar da jiragen ƙasa na ƙarƙashin birnin New York, shi ya sa da ruwa ya cika ramukan bai sami fasinja a ciki ba.

INDA GIZO KE SAƘA

Ƙarfin guguwa kuwa wani abu ne dabam. Shi a cikin cikinta ake ƙulla shi, a ɗan zoben girgijen da ya kewaye idonta, wanda faɗinsa sau da yawa bai wuce kilomita 30 zuwa 60 ba. Abubuwa ƙanana ne ke juya shi: zurfin ruwan ɗumin da ke ƙarƙashinta, ko iskar sama ta saɓa da ta ƙasa ta karkatar da ita, ko busasshiyar iska mai ƙura daga Hamadar Sahara ta shiga cikinta ta shaƙe ta. Tauraron ɗan'adam saman girgije ya fi gani. Abin da ke gudana a ciki sai jirgi ya shiga, jirgi kuma ba kullum yake nan ba.

Mutanen Acapulco, wani babban birnin shaƙatawa a gaɓar tekun Fasifik ta ƙasar Meksiko, sun ɗanɗana wannan a shekarar 2023. Ran Litinin 23 ga Oktoba an san guguwar Otis tana tafe, an kuma san wajensu ta nufa. Amma hasashen ya ce da ƙyar za ta kai mataki na ɗaya. Mutane suka ci gaba da harkokinsu, baƙi suna otal-otal, ma'aikatan jiragen ruwa suka zauna cikin jiragensu don su tsare su kamar yadda suka saba. Ran Talata da rana jirgin awo ya shiga cikinta, sai ya tarar da abin da ba a zata ba: ta yi girma ƙwarai, kuma tana ƙaruwa. Cikin kwana guda gudun iskarta ya ƙaru da fiye da kilomita 150 a awa. Wajen ƙarfe ɗaya na daren Laraba ta faɗa wa birnin tana mataki na biyar. Hukuma ta ƙirga mutum fiye da 50 da suka mutu, ban da waɗanda suka ɓata, da yawansu a teku, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na otal-otal ɗin birnin sun lalace.

Masana suna da suna ga irin wannan, suna ce masa ƙaruwar gaggawa, watau guguwa ta ƙara gudun kilomita 55 ko fiye cikin awa 24. Otis ta ninka wannan kusan sau uku. An sami ci gaba a wannan fanni cikin 'yan shekarun nan, har da sababbin kwamfutoci masu koyon halin guguwa daga bayanan shekarun baya, amma har yanzu nan ne raunin aikin yake, kuma su kansu masu aikin ba sa ɓoye haka.

KUSKUREN WA?

To, a nan ne wani zai ce, tun da suna kuskure irin wannan, me ya sa za a wahalar da kai da jin maganarsu? Amsata ita ce a duba yadda suke faɗin maganar tukuna. Cibiyar Mayami ba ta cewa guguwa za ta sauka gari kaza. Takan zana wani siffa kamar mazurari a kan taswira, siriri a inda guguwar take yanzu, yana buɗewa yadda kwanaki ke ƙaruwa. An auna faɗinsa ne da kura-kuran shekara biyar da suka wuce, yadda sau biyu cikin uku tsakiyar guguwar za ta kasance a ciki. Ma'ana, sau ɗaya cikin uku tana iya fita, kuma su da bakinsu suke faɗa. Mai gaskiya ke nan, wanda ya gaya maka iyakar saninsa.

Matsalar ita ce mutane layin tsakiya kawai suke kallo. A watan Agusta na 2004 layin guguwar Charley ya nuna birnin Tampa na Fulorida, sai hankalin kowa ya koma can. Ran 13 ga wata ta ɗan karkata dama, ta yi tsalle daga mataki na biyu zuwa na huɗu cikin 'yan awoyi, ta sauka wajen Punta Gorda, fiye da kilomita 100 kudu da Tampa. Mutanen wurin da yawa suka ce an yaudare su, alhali garinsu yana cikin mazurarin, kuma yana ƙarƙashin gargaɗi tun jiya.

Haka kuma lambar mataki takan ruɗi mutane, domin iska kaɗai take aunawa. Binciken da aka yi a kan mace-macen guguwa a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna kusan tara cikin goma ruwa ne ya ci su, ko dai tekun da guguwa ta turo kan ƙasa ko ambaliyar ruwan sama. Wanda ya ji an ce guguwa ta sauko daga biyar zuwa uku ya koma ya kwanta, bai san ruwan da ta riga ta tara a gabanta yana nan tafe ba.

Akwai kuma masu cewa sanin gobe sai Allah, wannan kuwa gaskiya ce da ba mai musunta. Amma matar da ta ga gabas ta yi baƙi ta kwashe shanyarta ba duba ta yi ba, alama ta gani ta yi aiki da hankali. Wani lokaci hadarin ya watse ba ko ɗigo, amma ba mu taɓa jin ta rantse gobe ba za ta sake kwashewa ba. Aikin mutanen Mayami irin nata ne, sai dai su idonsu ya fi nisa.

TSADAR GUDU

Kada kuma a ɗauka gudun ba shi da tsada, ba zan ɓoye wannan ba. A watan Satumba na 2005 aka ce guguwar Rita ta nufi wajen birnin Houston. Mutum fiye da miliyan biyu da rabi suka hau hanya lokaci guda, cikin tsananin zafi. Motoci suka cushe, wasu suka yi kusan kwana a wuri ɗaya, mai ya ƙare, ruwan sha ya ƙare. Wata bas ɗauke da tsofaffi ta kama wuta kusa da Dallas, fiye da 20 suka ƙone. Gaba ɗaya wajen mutum 100 suka mutu a wajen gudun, ita kuwa Rita ta karkata gabas ta sauka a iyakar Teksas da Louisiana, ta bar Houston da 'yar ɓarna kaɗan.

Wannan abin baƙin ciki ne, kuma yana nuna cewa kowane gargaɗi yana da nauyi a wuyan mai bayar da shi. Amma darasin da hukumomin Teksas suka ɗauka ba shi ne a daina gargaɗi ba. Sai suka rarraba yankin unguwa-unguwa, na bakin teku su fara tashi, na kan tudu su dakata a gida. Watau abin da ya ɓaci shi ne tsarin tafiyar, shi kuma aka gyara.

HASASHE KAƊAI BA YA CETO

Wata guda kafin Rita an ga ɗaya gefen maganar, inda hasashe ya yi daidai amma bai wadatar ba. Tun daren Juma'a 26 ga Agusta na 2005 hasashen guguwar Katrina ya nuna wajen New Orleans, kuma kusan nan ɗin ta sauka ran Litinin 29 ga wata. Shugaban cibiyar Mayami na lokacin, Max Mayfield, da kansa ya buga wa gwamnoni da magajin garin waya ran Asabar da dare. Amma sai ran Lahadi da safe aka ba da umurnin kowa ya fita. Masu mota suka fita. Aka bar tsofaffi da marasa lafiya da talakawan da ba su da mota, ga shi ƙarshen wata aljihu ya bushe. Da madatsun ruwa suka karye, kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse, kuma guguwar ta ci mutum fiye da 1,300. Wannan a ƙasar da ta fi kowa kayan awo ke nan.

Yanzu a gwada da Bangaladesh, ƙasa matalauciya. A watan Nuwamba na 1970, lokacin tana Pakistan ta Gabas, guguwar Bhola ta kashe aƙalla mutum 300,000. A 1991 wata ta kashe wajen 138,000. Tun daga 1972 gwamnati da ƙungiyar agaji ta Red Crescent suka kafa shirin 'yan sa kai, waɗanda yanzu sun haura 70,000, maza da mata. Da zarar an ba da gargaɗi sai su kafa tutoci, su hau kekuna da lasifika suna bi ƙauye-ƙauye, suna kai mutane gine-ginen mafaka da aka ɗora a kan ginshiƙai, waɗanda a sauran ranaku makarantu ne. A watan Mayu na 2020, da guguwar Amphan ta zo, an kwashe mutum fiye da miliyan biyu, waɗanda suka mutu a ƙasar ba su kai 30 ba. Ka ga ashe tsakanin kwamfuta da ran mutum akwai mai keke da lasifika, kuma in babu shi aikin kwamfutar ya tashi a banza.

RABONMU A CIKI

Na san abin da ke ran mai karatu na Ikko ko Warri ko Kalaba: shin irin wannan guguwa za ta zo mana? A kwantar da hankali. Gaɓar tekun Nijeriya tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda murɗawar da guguwa ke bukata ba ta da ƙarfi. Ruwan tekun namu ma yakan yi sanyi a tsakiyar damina, sa'an nan ayarin hadarin ta can wajen Sanagal da Gini yake fita, ya ba mu baya ya yi yamma. A yankinmu tsibiran Cape Verde ne suka fi zama a bakin hanya, kamar yadda guguwar Fred ta ratsa su a ƙarshen Agusta na 2015. Saboda haka duk wanda ya aiko maka da saƙo a waya cewa guguwar Amurka ta nufo Ikko, ka san ƙanzon kurege ne.

Amma muna da rabo a cikin maganar ta fuska biyu. Ta farko, tun da a samanmu ake haihuwar guguwar, awon da ake yi a ƙasashenmu yana da daraja ga duniya duka. Shi ya sa a 1974 ƙasashe wajen 70 suka haɗu, da jiragen ruwa kusan 40 da jiragen sama, suka kafa sansani a Dakar don nazarin wannan iska, a 2006 kuma aka sake wani babban bincike da ya yi cibiya a Yamai. Duk da haka Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce tashoshin awon da Afirka ke da su kashi ɗaya ne kacal cikin takwas na abin da ya kamata. Balan-balan ɗin da za a saki a Kano ko Maiduguri ko Yamai ko Njamena zai taimaki mutumin Fulorida, amma kafin shi zai taimaki manominmu, domin hadarin da ke zame musu guguwa shi ne ruwan gerommu. Ya kamata gwamnatocinmu su ɗauki kuɗin tashar awo kamar kuɗin taki.

Ta biyu kuwa ta shafi kowannenmu. Hukumominmu na yanayi da na koguna sukan fito da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara. A 2022 an yi gargaɗi watanni kafin ruwa ya zo, amma duk da haka ambaliya ta kashe mutum fiye da 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Yawancinmu da ke Kudu a unguwannin kwari muke zaune, kusa da kwata da fadama, domin nan ne haya ta fi sauƙi. Ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni da na tasha su zama su ne masu keke da lasifika na jama'arsu: in an ba da sanarwa su mayar da ita Hausa, su kai ta kowane lungu, kuma tun rani a san makaranta ko wane tudu za a nufa, da wanda zai ɗauki tsoho da mai jego. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukuma kuma kada ta tsaya ga cewa a tashi, ta faɗi inda za a je, ta kawo abin hawa.

In an tashi ruwa bai zo ba, an yi asarar kwana ɗaya da cinikin wuni, a dawo a yi dariya a ci gaba da sana'a. In kuwa aka zauna ya zo, mutanen Galveston da na New Orleans sun riga sun nuna mana yadda ƙarshen yake. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, na gida da na nan, ya ba mu damina mai albarka.